Auta, kafin ka ɗaure akwatin tahowa Amurka

Auta ya gida, ya su Hajiya da Baba. Na ga jerin kayan da ka turo min a WhatsApp waɗanda kake shirin cusawa a akwati, dutsen guga da hitar ruwa da bargo biyu da kilishi kwali guda, toh tsaya tukuna kar ka ɗaure komai sai ka gama karanta wannan. Yawanci jaka biyu jirgi zai ba ka, kowacce kilo 23, kuma rabin abin da ka lissafa ko dai ba zai yi maka aiki a nan ba ko kuma a filin jirgi za a karɓe. Abin da nake so ka riƙe shi ne kayan kanti a ƙasar nan ba su da wahalar samu, wasu ma araha ne, amma duk abin da sai mutum ya sa hannunsa ya yi maka, aski ne, ɗinki ne, ganin likita ne, wallahi tsadarsa sai ka riƙe baki. Da wannan za ka auna abin da za ka ɗauko da wanda za ka bari.

Ɗakin kwanan ɗalibai dai ka cire hoton hostal ɗin da ka sani a ranka, inda ɗakin mutum huɗu ake kwana takwas har da 'yan raɓe, ga bokitai an jera a bakin famfo tun asuba. A nan ɗan shekarar farko galibi su biyu ne a ɗaki, kowa da gadonsa da katifa da tebur da kujera da wurin rataye kaya, wuta ba ta ɗaukewa, ruwan zafi da na sanyi duk daga famfo, intanet kuma an riga an haɗa shi cikin kuɗin ɗakin. Sai dai fa iya abin da za ka tarar ke nan, katifa ce tsirara, babu zanin gado babu filo babu tawul. Kuma katifar tasu doguwa ce siririya, Twin XL suke ce mata, faɗinta inci 38 tsawonta inci 80, zanin gadon da Hajiya za ta saya maka a Kantin Kwari ba zai zauna mata daidai ba. Ka bari ka iso mu shiga manyan kantunan nan, Target ko Walmart, a watan Agusta layi guda suke warewa na kayan ɗalibai kawai, Target ma a nan Miniyapolis hedikwatarsu take. Ranar da aka ba ka ɗaki za a ba ka fom ka rubuta yadda ka same shi, kar ka yi wasa da wannan fom ɗin, duk tabon da ka gani a bango ko yagewa a katifa ka rubuta ka ɗauki hoto, domin ƙarshen shekara idan ba ka rubuta ba kai za a caza. Ƙusa ɗaya ka buga a bango sai ka biya. Katin shaidarka na makaranta shi ne makullin ƙofa shi ne na cin abinci, in ya ɓata sabo ma da kuɗi.

Maganar wuta, tasu bolt 120 ce, tamu ta gida 230, bakin soket ɗin ma daban, ƙarafa biyu ne masu faɗi ba irin namu mai ƙafa uku ba. Cajar waya da ta kwamfuta ka juya bayansu ka karanta, in ka ga an rubuta 100 zuwa 240 to adafta kawai kake buƙata, ka sayo biyu tun daga gida. Dutsen guga da hita kuwa ka bar wa su Yaya, ko ka jona a nan ba za su yi zafin kirki ba.

Dama hitar ko ta yi aiki ba za a bar ka da ita ba. Dokar gobara a ɗakunan nan ba a ɗaga wa kowa ƙafa, ba risho, ba kyandir, ba duk wani abu mai jan wuta a fili, abin da aka fi yarda da shi ƙaramin firji ne da na'urar ɗumama abinci. Sannan, ka ji da kyau, ba turaren wuta. Akwai wata 'yar ƙasarmu da ta zo da kaskonta na lantarki da turarenta mai kyau irin na Barno, daren Juma'a ta ce bari ta ɗan turara ɗaki, ko minti biyar ba a yi ba na'urar jin hayaƙi da ke manne a silin ta ɗauki kuka, jiniya ta tashi a duk benen, aka fito da ɗalibai waje wasu da kayan barci wasu da tawul ana tsaye a cikin sanyi har motar kashe gobara ta zo da ma'aikatanta cikin cikakkun kaya. Washegari ga takardar gargaɗi. Ba wanda ya zage ta, amma har ƙarshen zangon kowa a ginin ya san fuskarta. Ka zo da turarenka na kwalba, ya wadatar. A kowane hawa akwai ɗalibi babba da makaranta ta ɗora ya kula da ku, RA suke kiransa, in ka rufe kanka a waje ko kun saɓa da abokin ɗaki wurinsa za ka je, amma ka sani shi ne kuma mai rubuta rahoto.

Abinci shi ne inda na fi so mu daɗe. Jami'o'i da yawa suna tilasta wa ɗan shekarar farko da ke kwana a makaranta ya biya kuɗin abinci na zango gaba ɗaya, ka shiga ɗakin cin abinci ka goga kati ka ci iya cikinka, shinkafa da taliya da kaza da ƙwai da madara da 'ya'yan itace ba mai ce maka ya isa. Kuɗin an riga an cire, ko ka ci ko ba ka ci ba, saboda haka kar in ji kana sayen abinci a waje kana cewa na makaranta ba ɗanɗano. Ba ɗanɗanon ne gaskiya, gishiri kaɗan, barkono babu, shi ya sa robar yajinka ta fi dutsen guga amfani sau goma. Ka kula da alade, sunansa yana da yawa a nan, wancan jan naman mai zagaye da ake jerawa a kan fiza alade ne, siraran soyayyen naman karin kumallo alade ne, wasu alewoyi masu danƙo ma da sinadarinsa ake yi. Ka tambayi masu zuba abincin kai tsaye, ba sa jin haushi, har katin da aka rubuta abin da ke ciki suke ajiyewa gaban kowane tire. Sa'ar da ka yi ita ce jihar nan ta Minesota cike take da Somaliyawa, unguwar Cedar-Riverside da kasuwar Karmel za ka samu naman halal da shinkafa da naman akuya mai rai da lafiya, masallatai kuma ba sai ka nema ba, tun 2023 ma birnin Miniyapolis ya yarda a ɗaga kiran salla a lasifika duk lokuta biyar. Kayan miyarmu akwai su a shagunan 'yan Afirka ta Yamma, manja, garin rogo, doya, amma doya ɗaya sai ka biya abin da in ka canja shi zuwa naira ba za ka iya haɗiye ta ba. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa kam daga gida suka fi, ka sa a daka a ƙulle da kyau.

Kilishi da dambun nama kuwa ka raba wa abokanka ku ci a gida. Kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shigo daga Najeriya, busasshe ne ko soyayye, kuma suna da karnuka masu shinshina jaka. Duk abincin da ka ɗauko ka faɗa musu da bakinka, in ka faɗa iyakaci su duba su zubar da wanda bai halatta ba, in ka ɓoye suka gano tara ce ta ɗaruruwan daloli ranarka ta farko a ƙasa. Fasfo da takardar I-20 da makaranta ta ba ka ta neman biza da rasit ɗin SEVIS, wato kuɗin rajistar ɗaliban ƙasashen waje, na dala 350 ɗin nan duk su kasance a jakar hannunka, ba cikin akwati ba.

Buta. Ka sayo ƙarama ta roba ka sako, ban taɓa ganinta a manyan kantunan nan ba sai shagon Somaliyawa ko na 'yan Pakistan, kuma banɗakin haɗaka ne na duk hawan, takarda kawai za ka tarar. In za ka yi alwala ka goge ruwan da ya zuba, jiƙa ƙasa abin magana ne a wurinsu. Abokin ɗakinka kuma ka gaya masa tun daren farko cewa kana tashi sallar asuba kana shimfiɗa darduma, yawancinsu ba ruwansu, abin da ba sa so shi ne ka taɓa musu kaya. A gida silifas da caja da sabulu na kowa ne, a nan ko ruwan gora ne a firji sai ka tambaya. Shi ma in zai kawo baƙi ɗaki har dare kana da ikon cewa ba ka yarda ba, akwai takardar yarjejeniya da ake ba ku ku cike tare, ka faɗi gaskiyarka a ciki kar kunya ta cuce ka.

Wanki inji ne, ɗaya ya wanke ɗaya ya busar, a ƙasan ginin suke, babu ɗan wanki da guga balle mai bugu. Shaddarka kar ta kusanci injin busarwa, zai kashe mata maiƙo ya tsuke ta, kala biyu ka zo da su na Juma'a da na salla ka riƙa wanke su da hannu. Duk ɗinkin da za ka yi ka gama shi a gida, a nan rage tsawon wando kaɗai sai ya tasar wa kuɗin wandon. Aski haka, abin da za ka ba mai aski zama ɗaya, ga kuma ɗan ihsanin kashi 15 zuwa 20 da ake ɗorawa a kai wanda kusan dole ne, in ka haɗa na sau biyu ya saya maka injin askin kanka. Ka koyi gyara kanka kafin ka taho.

Rigar sanyi akasin haka ce, kar ka saya a gida, wadda ake sayarwa don hunturun Kano wasa ce a nan, a watan Janairu sanyi yana sauka ƙasa da sifili da digiri 20 har fiye, ƙarfe huɗu da rabi na yamma magariba ta yi a Disamba. Ka bari sai Oktoba mu je tare, jaket mai kauri da takalmin ƙanƙara da safar hannu, in kuɗi sun yi kaɗan ga Goodwill nan, gwanjo ne amma a rataye a tsabtace da farashi a jiki, ba a taya. Ka san kuma farashin da ke jikin kaya ba shi za ka biya ba, sai ka je wurin biya a ɗora haraji, a Miniyapolis wajen kashi 9 cikin ɗari, sai dai jihar nan ba ta sa haraji a tufafi da kayan abincin da ba a dafa ba.

Asibiti ne abin tsoro na gaskiya. Makaranta za ta sa ka biya inshorar lafiya, kar ka ga yawan kuɗin ka nemi hanyar zillewa, ba tare da ita ba kwana ɗaya a asibiti zai iya cinye kuɗin makarantarka. Babu zancen ka leƙa kemis ka ce a ba ka maganin maleriya ko amoksisilin, sai da takardar likita, farasitamol ne kawai da irinsa ake ɗauka a kanta, shi ma Tylenol za ka nema. In zazzaɓi ya kama ka a makonnin farko ka je asibitin makaranta ka faɗa musu ƙarara daga Najeriya ka zo a gwada maleriya, in ba ka faɗa ba ba zai zo musu a rai ba. Ka zo da katin rigakafinka, za su nemi na ƙyanda, wasu har da sanƙarau, za su kuma gwada tarin fuka, ka gaya musu an yi maka allurar BCG kana jariri domin takan sa gwajin fata ya nuna kamar kana da shi, na jini ya fi.

Littattafai kar ka yi gaggawar saye, guda ɗaya sabo yana haura dala 100, ka jira makon farko ka ji wanda malami zai yi amfani da shi da gaske, sannan ka duba laburare ko ka yi haya ko ka sayi na hannu. Ranar farko kowane malami zai ba ku takardar tsarin darasi, ranar jarrabawa da ranar miƙa aiki duk suna ciki har ƙarshen zango, kuma a yadda aka rubuta haka za a yi, babu yajin aiki irin na 2022 da aka shafe wata takwas a gida. Ƙarfe 11:59 na dare in aka ce, 12:01 ka makara. Saƙon makaranta duk ta imel yake zuwa, ka riƙa dubawa safe da yamma, su ba su damu da WhatsApp ba. Bizarka ta ɗalibi, F-1, tana son kiredit 12 aƙalla kowane zango, wato ma'aunin yawan darussan da ka ɗauka, kar ka ajiye darasi sai ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Aiki an yarda ka yi a cikin makaranta, awa 20 a mako lokacin karatu, laburare ko ɗakin abinci, zai ishe ka kuɗin waya da sabulu, amma duk wanda ya ce ka zo shagonsa a waje ya riƙa biyanka a hannu ka ba shi haƙuri ko da ɗan garinmu ne.

Wayarka ka tabbata ba a kulle take da wani layi ba, in ka iso zan sa maka layin wata-wata. Ka gaya wa Hajiya tsakaninmu da gida awa shida ne yanzu, daga farkon Nuwamba ya koma bakwai, kar ta kira da hantsi ta ji shiru hankalinta ya tashi, kai lokacin tsakar dare ne. Hutun Disamba kuma ɗakunan kwana da yawa rufewa ake yi har da ɗakin abinci, ka tambayi naku tun yanzu, in ana rufewa wurina za ka taho, akwai kujera doguwa a falo. Ka turo min lambar jirgin da ranar sauka da zarar Baba ya biya tikiti.