Sharhi: Tsohon agogon Lip na Faransa, mai wani da hannu

Wanda yake neman agogon da zai ɗaura ya manta da shi, ya shiga ruwa da shi, ya tashi da asuba ya tarar bai kuskure ko sakan ɗaya ba, to ya nemi Casio mai batir, ya huta. Agogon da nake son yin bayani a kansa ba irin wannan ba ne. Lip ne na Faransa, ƙirar shekarun 1950, mai injin da kamfanin ya sa wa suna R25. Babu batir a cikinsa, ba ya kuma wana kansa da motsin hannu kamar Seiko 5 da iyayenmu suka sani. Kai ne za ka yi masa wani kullum, in ka ƙi ya tsaya. Na daɗe ina ɗaura shi, ya ga hunturu ya ga damina a hannuna, kuma ra'ayina a kansa shi ne: injinsa ya fi kuɗinsa nesa ba kusa ba, amma jikinsa da ɗawainiyarsa sai mai haƙuri.

A ido, ƙaramin agogo ne. Faɗinsa bai wuce milimita 34 ba, wanda a zamanin nan da samari ke ɗaura manyan agogo wasu za su ce na mata ne. A wancan lokacin kuwa haka na maza suke. Fuskarsa fara ce da ta ɗan ja zuwa ruwan madara saboda shekaru, akwai ɗan da'ira a ƙasa wajen ƙarfe shida inda hannun sakan yake zagayensa shi kaɗai. Babu kwanan wata. Ba shi da nauyi, kuma saboda sirantakarsa yana shigewa ƙarƙashin hannun kaftani ba tare da ya maƙale ba. Wannan abu ne da ban yi tsammanin zai dame ni ba sai da na saba da shi, na koma ɗaura wani mai kauri na ji bambancin.

Jikin ne matsalar. Kamar yawancin agogon Faransa na talakawa a wancan zamani, ƙarfe ne aka yi wa ruwan zinariya, bayansa kaɗai ne ƙarfe marar tsatsa. Gumi yana cin ruwan zinariyar nan, musamman a kunnuwan da ke riƙe maɗauri. Nawa ya zo da ɗan ci a gefe, zafin bazara kuma ya ƙara masa. Kada a yarda wani ya goge shi da injin sa ƙyalli, domin ɓawon zinariyar siriri ne ƙwarai, goga ɗaya zai tafi da shi. Da zan ba mai saye shawara guda, ita ce ya ƙara kuɗi ya nemi mai jikin ƙarfe marar tsatsa gaba ɗaya, ko da fuskarsa ba ta kai kyan wancan ba.

In aka buɗe bayansa, nan ne mutum zai gane inda kuɗin masu shi na farko suka tafi. R25 inji ne da Lip ta ƙera da kanta a Besançon tun ƙarshen shekarun 1940, ba sayowa ta yi daga Suwizalan ta buga sunanta a kai ba. Yana bugawa sau 18,000 a awa, wato sau 5 a kowane sakan, kuma in ka kara shi a kunne za ka ji bugun a natse, ba gaggawa. Jajayen duwatsun da ake gani a ciki yaƙutu ne na haɗi, ba don ado aka sa su ba, a kansu ne ƙafafun wilolin suke juyawa don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Babban sifirin da ke ajiye ƙarfin wanin kuwa, a yawancinsu na wani haɗin ƙarfe ne mai suna Elgiloy da kamfanin Elgin na Amurka ya fito da shi, wanda ba ya tsatsa kuma yana da wuyar karyewa. Shi ya sa za ka ga sunan a rubuce a fuskar wasu agogon Lip na lokacin. Wani ɗaya cikakke yana kai ni kwana guda da rabi. Bayan sabis, yana yin gaba da kusan rabin minti a rana, in na kwantar da shi a gefensa da dare sai ya ɗan rage. Agogon da ya haura shekara 60 yana wannan aiki, ai kirarin da ake yi na agogo sarkin aiki bai faɗi ƙasa ba.

Ba a raba Lip da garin da ta fito. Besançon tana gabashin Faransa, kusa da iyakar Suwizalan, kuma sana'ar agogo ta shigo ta ne a 1793 lokacin da wani mutumin Janeba, Laurent Mégevand, ya ƙaura can da maƙeran agogo daga ƙasarsa. Emmanuel Lipmann ya buɗe shagonsa a garin a 1867, 'ya'yansa suka faɗaɗa, aka taƙaita sunan gidan ya zama Lip. Jikansa Fred Lip shi ne ya mayar da ita babbar masana'anta. Mutum ne mai son sabon abu, ya je Amurka ya ga yadda ake haɗa kaya a jere, ya dawo da tsarin gida. Iyalin Yahudawa ne, don haka a lokacin da Jamus ta mamaye Faransa an raba su da masana'antar, iyayen Fred kuma suka mutu a sansanin Auschwitz. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Fred ya dawo ya sake tayar da kamfanin, kuma a wannan tashin ne aka haifi injin da ke hannuna. A tsakiyar shekarun 1950 Lip ce kan gaba a Faransa, da ma'aikata kusan 1,500 da agogo kusan 300,000 a shekara. Wannan yawan yana da amfani ga mai saye a yau, domin shi ne dalilin da ya sa ba su yi tsada ba, kuma ana samun matattu da za a ciri kayan gyara a jikinsu.

Masu tallar Lip ba sa gajiya da ambaton manyan da suka ɗaura ta, kuma gaskiya ne: gwamnatin Faransa ta ba Winston Churchill ƙirar T18 mai kusurwa huɗu a 1948, Janar de Gaulle kuma ya ɗaura mai lantarki, R27, wadda aka fara nuna samfurinta a 1952 ta shiga kasuwa a 1958. Ni abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne a 1936 Lip ta sayar wa Tarayyar Sobiyet fasaharta da injuna, har agogon Zvezda da Pobeda na Rasha suka samo asali daga ƙirarta. Wato akwai miliyoyin agogo a duniya da jinin Besançon a jikinsu ba tare da sunan Lip ba.

Amma in ka ambaci Lip a gaban dattijon Bafaranshe, ba Churchill zai fara tunawa ba, 1973 zai tuna. Kafin wannan shekara kamfanin ya riga ya shiga matsi. Agogo masu araha irin su Kelton, wanda kamfanin Timex ke haɗawa a lokacin a cikin Besançon ɗin kanta, sun cinye kasuwar ƙasa, ga Seiko ta fito da agogon kwatz mai batir a ƙarshen 1969. Kamfanin Ebauches SA na Suwizalan ya sayi kaso mai yawa na hannun jari, aka kawar da Fred Lip a 1971. Ranar 12 ga Yuni 1973 ma'aikatan masana'antar da ke unguwar Palente suka gano takardun da ke nuna za a sallami mutum 480. Maimakon yajin aiki irin wanda aka saba, a rufe ƙofa a zauna, sai suka kwashe dubban agogon da ke sito suka ɓoye, suka koma kan injuna suka ci gaba da aiki da kansu, suna sayarwa suna biyan kansu albashi. Takensu ke nan: mu ƙera, mu sayar, mu biya kanmu. Charles Piaget na ƙungiyar ƙwadago ta CFDT shi ne fitaccen jagoransu. Ranar 14 ga Agusta jandarmomi suka fitar da su daga masana'antar, ranar 29 ga Satumba kuma mutum kusan 100,000 suka yi maci a Besançon don mara musu baya. An sake buɗe kamfanin a 1974 ƙarƙashin Claude Neuschwander, har aka fito da Mach 2000 na mai zane Roger Tallon, mai maɓallai masu launi kamar alawar yara, amma a 1976 ya sake durƙushewa. Ni dai ina ganin ma'aikatan suna da gaskiya a kan haƙƙinsu, sai dai ko an bar musu masana'antar, guguwar kwatz da ta kayar da ɗaruruwan kamfanonin Suwizalan ba za ta tsallake su ba.

Wannan tarihi yana da ruwa da tsaki wajen saye. Sunan Lip bai mutu ba, ya yi ta sauya hannu, tun 2015 kuma an koma haɗa agogonsa a yankin Besançon. Sababbin suna ɗauke da tsofaffin sunaye da tsohuwar kama, irin su Himalaya da Churchill, amma da yawansu injin Japan ko na Suwizalan ne a ciki, wasu ma masu batir. Ba laifi ba ne, kawai dai wani kayan ne daban. Don haka wanda zai saya ta intanet kada ya tura ko sisi sai an nuna masa hoton cikin agogon a buɗe, ya ga lambar injin da idonsa, ya duba ko akwai tsatsa. Ya kuma yi hattara da fuskar da ta cika sabunta. Agogon 1955 mai fuska fes babu ko ɗigo, galibi sake fenti aka yi, kuma hakan yana rage masa daraja.

Sai batun sabis, wanda shi ne ainihin kuɗin agogon. Duk abin da mai sayarwa ya faɗa, a ɗauka man da ke ciki ya bushe. Agogo yana iya tafiya da busasshen mai, amma yana cin kansa ne a hankali. Abin da na kashe a sabis ya kusa kai abin da na saye shi. Wahalar ma ba kuɗin ba ce, samun mai gyaran ne. Yawancin masu tebur a bakin kasuwa yanzu aikinsu canza batir da rage maɗauri. Wasu in ka ba su mai wani, tsoma injin za su yi gaba ɗaya a fetur, su ɗiga masa man keken ɗinki, ya yi wata biyu yana gudu sannan ya cije. Sabis na gaskiya sai an warware injin ƙwaya-ƙwaya, an wanke, an mayar, an ɗiga man agogo da bakin allura a wuraren da ya dace kaɗai. Na dace da wani dattijo da ya koyi sana'ar tun kafin zuwan masu batir. Da ya sa madubinsa a ido ya leƙa ciki, cewa ya yi, "Ɗana, wannan ai ba ya buƙatar komai sai wanka." Na ce, "Baba, a yi masa duk abin da ya kamata." Bai canza komai ba sai gilashin, wanda dama na roba ne, ya tsage a gefe. Kowace shekara 4 zuwa 5 ya kamata a maimaita, a wurinmu mai ƙura ma gara a matso da shi kusa.

Kula ta yau da kullum ba ta da wuya, sabo take so. Ina yi masa wani da safe, a lokaci ɗaya, kuma a cire daga hannu, domin in yana ɗaure kana murzawa kana lanƙwasa siririn ƙarfen da ke riƙe kan wanin, wato ɗan maɓallin gefen da ake murzawa. Da ka ji ya yi tauri, ka tsaya, kada ka ƙara ko rabin juyi. Ruwa kuwa babu sulhu tsakaninsu. Ko an rubuta a bayansa cewa ba ya shan ruwa, alkawarin shekara 60 da suka wuce ne, robar da ke toshe shi ta daɗe da mutuwa. Ga mai alwala sau biyar a rana wannan ba ƙaramin aiki ba ne: cire, sa a aljihu, shanya hannu, mayar. Wannan ne babban abin da zai sa wasu su gaji da shi, kuma ban ga laifinsu ba. In ka ga hazo a cikin gilashin, kada ka jira gobe, kai shi a buɗe a busar. Da hunturu, ranar da ƙura ta yi yawa, a gida nake barinsa, don ta wajen kan wanin take shiga ta haɗu da mai ta zama abin da ke goge ƙarfe. Kada a kwantar da shi kan waya, lasifika ko murfin jaka mai maganaɗisu. In wata rana ya fara gudu da mintuna ba dalili, yawanci maganaɗisu ne ya kama siririn sifirin ɗinsa, kuma cire shi aikin ɗan lokaci ne ga mai na'urar. Yana da kariya daga buguwa, amma ba zan hau babur a hanya mai gargada da shi ba.

Akwai abu guda da ba wasa a cikinsa. Agogon da aka yi kafin tsakiyar shekarun 1960 masu lambobi da hannaye masu haske a duhu, da yawansu sinadarin radiyam aka shafa musu. Hasken ya daɗe da mutuwa, amma tururin radiyam bai mutu ba, don sai ya shekara kusan 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Haɗarin ya fi yawa in an buɗe, garin fentin ya tashi aka shaƙa ko ya shiga baki. Ni da gangan na zaɓi mai fuska marar wannan fenti. Wanda nasa ke da shi, kada ya buɗe da kansa, kada ya bar yara su yi wasa da shi, ya kuma gaya wa mai gyara tun kafin ya taɓa.

Maɗaurin da ya zo da shi bai yi ƙarko ba, gumi ya gama da shi da wuri. Wani baduku ya yanka mini sabo da jar fatar akuya, milimita 18, ya kuma sa masa shafi a ciki, ya fi na asalin dacewa da launin fuskar.

Na so in ƙara da Nautic-Ski, agogon ninƙaya da Lip ta fitar a 1967, mai injin da ya haɗa batir da wilin agogo mai wani da hannu. Dattijon nan ya ce kada in kawo masa, domin in waya ɗaya ta ƙone a cikin irin wannan inji ba shi da inda zai samo ta, kuma ba abin da za a ƙera da hannu ba ne. Saboda haka T18 nake nema yanzu, mai jikin ƙarfe, in Allah ya sa na samu wanda ba a sake wa fuska fenti ba.