Jar wutar batir ta kama: batir ne ko altaneta?

Salamu alaikum. Ɗan'uwanmu mai Corolla ya tambaya jiya cewa jar wutar nan mai siffar batir tana kama masa a dashbod yana cikin tafiya, wani lokaci ta ɗauke, wani lokaci ta zauna. Mai shagon batir ya ce sai ya sayi sabo, mai rewaya kuma ya ce altaneta ce. Maganar wa zai ɗauka?

Malam, kafin ka fitar da ko sisi, ka sani hoton nan yana ruɗa mutane. Batir aka zana, amma zancen caji wutar take yi. Aikin batir ya juya kik ya tayar da inji. Da zarar inji ya tashi, altaneta ce ke ɗauke da fitilu da fanka da esi, kuma ita ke mayar wa batir abin da ya kashe. Shi ya sa in ka murɗa makulli wutar take kamawa, inji na tashi ta mutu. In ta dawo alhali inji na aiki, to abin da altaneta ke turowa ne bai kai ba.

Kowannensu da lokacin da yake nuna halinsa. Batir mai rauni da safe yake kunyata mutum, musamman da hunturu: ka murɗa makulli kik ya riƙa jan ƙafa, ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas kawai. A jona maka da wata mota ta tashi, ka yi ta yawonka har dare lafiya lau, kuma galibi jar wutar ba ta ko kamawa. Ita altaneta a kan hanya take yankan ƙauna. Motar za ta tashi garau da safe, sai kana tafe ka ga fitilun gaba sun dushe, waifa ta yi sanyi, gilashin ƙofa na hawa da ƙyar, can sai inji ya mutu a tsakiyar titi. A jona ta tashi, a cire wayoyin, bayan ɗan lokaci ta sake mutuwa, domin da ma ragowar wutar batir take ci.

Mita ce ke raba gardamar, kuma kowane mai rewaya na kirki yana da ita. A ɗora ta a kan batir mota na kashe, an fi so bayan ta huta wasu awoyi. Cikakken batir yana ba da volt 12.6. In ka ga 12.2, kusan rabinsa ya tafi. A murɗa kik ana kallon mitar: in ta faɗi ƙasa da 9.6, batirin ya gaji. Sai a bar inji na aiki a sake aunawa. Lafiyayyar altaneta za ta ɗaga lambar zuwa tsakanin 13.5 da 14.7, kuma ko an kunna fitilu da esi ba za ta zube ba. In ta tsaya a 12 da wani abu tana ta sauka, babu caji. In ta haura 15, caji ya yi yawa, katawut ɗin da ke daidaita wutar ya lalace, kuma wannan dafa batir yake yi har ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Masu Honda Accord su lura: wasu daga cikinsu da gangan suke rage caji in ba a kunna komai ba, saboda haka a kunna fitilu kafin a yanke hukunci.

Ni dai abin da ya fi jan hankalina a bayaninka shi ne wutar tana zuwa tana tafiya. Altanetar da ta ƙone gaba ɗaya ba ta wannan wasan. Na fi zargin kabon ɗin cikinta, wato ɗan gawayin da ke gogar ɓangaren da ke juyawa yana isar masa da wuta, ya cinye, ko soket ɗin bayanta ya yi sako-sako, ko fanbel, wato bel ɗin robar da ke juya altaneta, yana sulɓewa. Buɗe bonet ka duba da idonka. Fanbel da ya tsufa za ka ga ya yi sheƙi ya tsattsage, yana kuka da safe ko in an kunna esi. Dubi kan batir ma: farin garin nan mai ratsin kore da ke taruwa a kai yana tare wuta, sai a kwance a wanke a ɗaure tam. Canjin kabon ko katawut bai kama ƙafar kuɗin altaneta tokumbo ba, wadda ita ma ba ka san shekarun da ta yi tana aiki ba.

Don Allah kada ka yarda a cire kan batir inji na aiki wai a ga ko motar za ta mutu. Tsohuwar dabara ce ta zamanin motocin da ba su da kwamfuta. A motar yanzu batir ne ke shanye hauhawar wuta, in an cire shi tana iya dukan burenboks, wato kwamfutar motar, gyaran da ya fi batir da altaneta tsada.

Sannan in wutar ta kama ka ga allurar zafi na hawa, tsaya nan take ka kashe inji. A Corolla irin ta 2003 zuwa 2008 fanbel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwa, in ya tsinke duka biyun sun tsaya. In kuwa zafi na daidai, kashe esi da rediyo ka lallaɓa zuwa gareji mafi kusa.

Ka auna ka turo mana lambobin uku, ta mota a kashe, ta lokacin kik, da ta inji na aiki. Allah Ya sawwaƙe.