Van Veen: maɗebin laka a ƙasan fiyod na Norwe

Injiniya ɗan Holan Johan van Veen ya ƙera wannan maɗebi a 1933, har yau kuma shi masu binciken halittun ƙasan teku ke jefawa a fiyod, wato mashigin teku mai zurfi da sanyi tsakanin duwatsu. Ginin nasa ba wuya: muƙamuƙai biyu na ƙarfe da dogayen hannuwa. Yana taɓa ƙasa ƙugiya ta saki, a ja waya, bakin ya rufe a kan laka mai faɗin murabba'in mita 0.1.

A laka mai laushi yana aiki sosai. A tace ta da rariya mai ido milimita 1, da ruwan teku a hankali don kada tsutsotsi su tsittsinke, sannan a zuba abin da ya rage cikin fomalin, ruwan maganin hana ruɓewa, kashi 4 cikin 100 da aka sa wa boras, wani gishiri mai rage masa tsami.

Matsalarsa tsakuwa. Dutse ɗaya ya maƙale a baki, lakar ta zube tun kafin ya iso jirgi, sai a sake. A sauke shi da gaggawa kuwa, ruwan da yake turawa zai watsa ƙananan jatan lande da ke saman laka, don haka a rage gudun waya kusa da ƙasa. A mashigi mai igiyar ruwa sai an ƙara masa darma, in ba haka ba ya sauka a karkace.

Katangar dutse inda murjani ke maƙale ba aikinsa ba ne, can kyamara ake turawa.