Aska biyu ko aska takwas: kafin ka ba da kuɗin riga

Wanda ya je neman babbar riga a Babbar Kasuwar Sakkwato, tambayar da zai fara ji ita ce: "Alhaji, aska nawa kaka so?" Da yawa sai su ce takwas, don dai ta fi cika ido. Ni ina ganin a tsaya a duba tukuna.

Aska su ne dogayen tsinayen nan da ke gangarowa a hagun ƙirji, wajen babban aljihu. Tsofaffin maɗinka na ɗaukarsu kariya daga kambun baka da mugun ido. Zagayen nan mai kama da naɗin tabarma, wanda ke dama da kuma gadon baya, shi ne tambari, sunan gangar sarauta ke nan. Akwai gidan biyar, murabba'ai masu kama da hatimin malamai. Sai dagi, ƙullin da ya zama alamar Arewa tun zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Rigar da ta tara waɗannan duka, magana take yi a kan matsayin mai ita, tun zamanin Daular Usmaniyya.

Shi ya sa aska takwas ta fi dacewa da dattijo, ko ango, ko ranar naɗin sarauta. Tana da nauyi kuwa, a zafin Sakkwato na watan Afrilu kafaɗa za ta gaya maka. Aska biyu ba ta da hayaniya, saurayi ya sa ta ya je Juma'a ba wanda zai ce ya wuce gona da iri.

Inda aka fi cutar mai saye shi ne wajen aikin hannu da na keke. Juya rigar ka dubi cikinta. Na hannu za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle, ɗinkin bai zama daidai wa daida ba, kuma yana lanƙwasuwa tare da yadin. Na keke shafal yake, da tauri, wani lokaci har da takardar da aka manna a baya. Na taɓa sayen irinsa a wani shago da sunan na hannu. Wanki ɗaya, wuyan ya tattare, bugu ma bai gyara shi ba.

In kuɗinka bai kai aska takwas ta hannu ba, ɗauki aska biyu ta hannu a kan shadda mai kyau. Aikin hannu yakan ci makonni, wani har watanni, don haka mai son rigar Sallah ya kai yadinsa tun kafin azumi.