Littafin Girkin Jamie Oliver a Ɗakin Girkin Jos

Littafin da Jamie Oliver, fitaccen mai girki na Ingila, ya fitar a shekarar 2017 mai suna 5 Ingredients ya jima a ɗakin girkina, kuma na dafa abubuwa da dama daga cikinsa, don haka abin da zan faɗa a kansa na ganau ne. Tsarinsa mai sauƙi ne, domin kowane girki daga cikin fiye da 130 da ke ciki kayan haɗi biyar kawai yake buƙata, ban da gishiri, masoro, man zaitun da ruwan khal, waɗanda marubucin ya ɗauka cewa kowane gida yana da su. An jera hotunan kayan biyar kusa da bayanin, ga kuma hoton abincin bayan ya dahu, ta yadda ko mai ƙarancin Turanci zai iya bin sa.

Wanda ya san tarihin mutumin ba zai yi mamakin wannan sauƙi ba. An haife shi a 1975, ya tashi a ƙauyen Clavering da ke gundumar Essex a Ingila, inda tun yana yaro yake taya iyayensa aiki a gidan cin abincinsu. Yana da lalurar da ke sa karatu da rubutu su yi wa mutum wuya, kuma yana ɗan shekara 16 ya bar makaranta ya shiga kwalejin koyon girki ta Westminster. Yana aiki a gidan abinci na River Café a Landan masu ɗaukar shirin talabijin suka lura da shi a 1997, kafin BBC ta fara nuna shirinsa na farko a 1999. A ganina, mutumin da ya sha wahalar karatu ya san zafin bayani mai sarƙaƙiya, shi ya sa umarninsa gajeru ne, babu kwana-kwana.

A 2002 ya buɗe gidan abinci na Fifteen domin koya wa matasa marasa galihu sana'a, a 2005 kuma ya yi gangamin gyara abincin makarantu wanda ya kai gwamnatin Birtaniya ga alƙawarin fam miliyan 280. Kasuwancinsa bai samu irin wannan nasara ba, domin a 2019 yawancin gidajen abincinsa na Birtaniya sun rufe, kimanin mutum 1,000 suka rasa aiki. Ni dai na fi ɗaukarsa malami a kan ɗan kasuwa, kuma malantar ce na amfana da ita.

Mu mutanen Jos Allah ya yi mana ni'imar da ba kowane gari ke da ita ba. Duk wanda ya shiga kasuwar Farin Gada da sassafe zai tarar da karas, kabeji, latas, koren wake da farin kabeji da raɓarsu, ga dankalin turawa daga Bokkos da Mangu. Amma sau da yawa mukan zuba su cikin soyayyen tumatir da tattasai, mu ƙara dunƙule da kori, mu bar su a wuta har launinsu ya mutu, ɗanɗanonsu ya ɓace. Wannan littafi ya tilasta mini rage hannu. Na koyi gasa karas da ɗan mai da gishiri har zaƙinsa ya fito, na koyi sauke koren wake tun yana da sauran ƙarfi, na kuma gane cewa matsa lemon tsami a ƙarshen girki yana yin aikin da a da nake nema wajen dunƙule na biyu. Yaran gidanmu, waɗanda suka saba ture ganye gefen faranti, yanzu suna cinye gasasshen farin kabeji ba tare da an lallashe su ba, kuma wannan kaɗai ya biya mini kuɗin littafin.

Sai dai an rubuta shi ne domin kasuwar Ingila da tukunyar Ingila. Akwai girke-girken da ke ɗauke da naman alade ko giya, waɗanda nake tsallakewa, kuma ruwan khal ɗin da ya zaɓa daga giyar inabi ake yin sa, sai na maye gurbinsa da lemon tsami. Irin cukun Italiya da kifin da yake ambata suna da wuyar samu da tsada, man zaitun ma haka, amma man gyaɗa mai kyau yana wadatarwa a mafi yawan lokuta. Yajin bai kai na harshenmu ba, dole attaruhu ya zama na shida, ma'aunin kuma galibi na mutum biyu ne ko huɗu, sai an ninka shi kafin ya ishi gidan Bahaushe. Babu gwate, babu acca, babu miyar kuka, kuma wanda ya tuna cecekucen da dafa-dukarsa ta jawo a Afirka ta Yamma a 2014 ba zai nemi abincinmu a wurinsa ba.

Ina ba da shawarar littafin ga amarya, da ɗalibi ko ma'aikacin da ke dafa wa kansa, da duk wanda ke da tanda mai aiki da gas, tunda girke-girke da yawa na gashi ne kuma wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Wanda kuɗinsa bai kai ba zai iya fara kallon shirye-shiryensa a YouTube, ya gwada na kayan lambu tukuna kafin ya saya.