Wata shida ina bin jadawalin sama na wata-wata

Tun ina yaro abin da na sani a sama bai wuce Zara da Kaza da 'ya'yanta ba. Sai wani abokina ya turo mini wani jadawali da ake fitarwa a intanet farkon kowane wata. Shafi biyu ne kacal, taswirar sama a gaba, ranaku a baya.

Dabararsa ce ta saye ni: da farin wata yake yi maka jagora. Zai ce daren kaza ka dubi gefen wata, hasken nan da ya tsaya cak ba ya ƙyaftawa, shi ne Mushtari, duniyar da Turawa ke kira Jupiter. Na fita da ƙaramin madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, mai lamba 10x50, hannu sai rawa yake, komai na tsalle, sai da na kafa gwiwar hannu a kan katanga. Can sai ga ɗigo huɗu a jere kamar an zana su da allura. Watannin da ke zagaya Mushtari ke nan, Ayo da Yuropa da Ganimid da Kalisto, waɗanda masanin taurari Galileo ya hango a 1610. Kashegari uku na gani. Har na fara goge gilashi, ashe Ayo ne ya shige bayan Mushtari, don cikin awa 42 yake kammala zagayensa. Jadawalin ya rubuta haka, ni ne na tsallake layin.

A nan kuma na koyi cewa daren sha huɗu ba daren kallon wata ba ne, haske yake shafe komai. Ranar bakwai ga wata inuwa ke fito da ramukansa ɓaro-ɓaro.

Sai dai yana da aibi. Lokutansa duk a agogon GMT suke, wato lokacin Greenwich ta Ingila, ba na garinmu ba, kuma da ƙananan haruffa aka faɗa a can ƙasa, har na yi asarar dare guda. Hoton Zuhal, wato duniyar Saturn, da zobensa da suka manna kuwa zuga ce kawai. Da irin madubina ɗigo mai ruwan ɗorawa za ka gani, zoben sai da babban madubi.

Ka buga shi a takarda. Ido kan ɗauki kusan minti 20 kafin ya saba da duhu, leƙa waya sau ɗaya kuma ya mayar da kai farko. Na wannan watan yana nan maƙale a bayan ƙofa, na riga na zagaye ranaku biyu da biro.