Dilar Kayan Sanyin Yara Da Na Saya: Sama Lamba Ɗaya, Ciki Tsumma

Tunda 'yan uwa sun matsa min da tambaya a kan mutumin nan mai tallar dilar gwanjo a WhatsApp, wanda na sayi ta kayan sanyin yara a hannunsa, gara in rubuta a wuri ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan faɗi inda sitonsa yake ba. Waɗanda suka san shi sun san shi.

Zan fara da inda ya kyauta, don haƙƙinsa ne. Mutum ne mai fara'a, ga saurin amsa saƙo, ko da goman dare ka tambaye shi zai turo hoto da bidiyo. Ranar da na tura kuɗi, kafin la'asar ɗan adaidaita ya sauke min kaya a ƙofar gida, kuma shi ya biya kuɗin dako kamar yadda ya yi alkawari. Dilar mai kilo 55 ce. Na sa an ɗora ta a sikelin mai gawayin layinmu, ta cika cif. Nan ba ni da ta cewa.

Ni ba baƙuwar gwanjo ba ce. Tun muna yara, da iskar hunturu ta fara kaɗawa mahaifiyarmu za ta tasa mu gaba sai Ƙofar Wambai, mu tsuguna muna ɗaga suwaita ɗaya bayan ɗaya, ita tana duba hammata da wuya da zif. Haka nake yi wa nawa 'ya'yan, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Rigar Next ko Marks & Spencer da wani yaro ya sa ya bari ta fi sabon kayan ledar da ya cika kasuwa ƙarko nesa ba kusa ba. A gidanmu akwai jaket da wa ya sa, ƙane ya sa, yanzu tana jikin ɗan ƙanwata. Bana da na kwashi adashe sai na ce bari in ɗauki dila sukutum, in cire na yarana, sauran in sayar wa matan unguwa a cikin gida. Kuɗin dila ba sai na faɗa ba. Duk wadda ta taya tun bayan faɗuwar Naira a 2023 ta san inda ake.

Kafin in biya sai da na tambaye shi: "Alhaji, ta Ingila ce ko ta Chaina? Kuma ba a taɓa ta ba ko?" Ya ce, "Hajiya, 'yar Ingila ce lamba ɗaya. Yadda aka ɗaure ta a can haka ta iso hannuna, ni kaina ban san me ke ciki ba." Maganar tana nan a wayata da muryarsa.

Bayan isha muka shimfiɗa tabarma ni da ƙanwata muka fasa. Wallahi kayan da suka fara fitowa sun faranta min rai. Jaket masu hula da gashi a baki, obarol na jarirai masu laushi, suwaita masu kauri waɗanda ko gashi ba su tayar ba, har da 'yan kaɗan da takardar farashin shagon sadaka na can ke maƙale a wuyansu, an rubuta kuɗin da fam. Warin gwanjo na nan dai, wannan kowa ya san wanki da shanya da ɗan turaren wuta ke maganinsa. Murna ta sa a take na ɗauki waya na yi masa saƙon murya, na yi godiya, na sa masa albarka, na ce ya samu kwastoma. Ku riƙe maganar saƙon nan, zan dawo kanta.

Da muka ci kamar kashi ɗaya cikin uku, sai ƙanwata ta ce, "Yaya, taɓa nan ki ji." Na sa hannu na ji danshi. Daga nan har kusan ƙasa wani kaya ne daban, kamar ba dila ɗaya ba. Suwaita da suka motse saboda wanki har ba ka gane ta ɗan shekara nawa ce, wasu fumfuna ta yi musu baƙin tabo, jaket da zif ya tsinke, wando da gwiwa ta huje, riguna da maiƙo ya kama ƙirjinsu. Har da shara-sharan rigunan manyan mata na lokacin zafi, a dilar da aka ce ta kayan sanyin yara ce. Muna ɗagawa muna jefarwa gefe, tulin gefe yana ta tashi, ni kuma jikina yana ta mutuwa, don kuɗin adashe ne, kuma har yanzu ina zubi.

Duk da haka ban zarge shi ba a lokacin. Na san dila sa'a ce, na ga 'yan kasuwar da suka fasa suka yi dariya, na ga waɗanda suka fasa suka yi tagumi. Abin da ya tsayar da ni shi ne wata suwaita ruwan goro mai bajen makarantar firamare a ƙirji, kuma sunan garin da ke jikin bajen gari ne na nan Najeriya. Ƙasa da ita kaɗan sai ga rigar shadda ta yaro, ɗinkin telanmu na gida, da aikin wuya irin na nan. A tsakanin wasu wanduna kuma sai ga busasshiyar ledar fiya wata a maƙale. Sai muka koma kan buhun da aka naɗe dilar da shi. Shatin ɗauri biyu ne a jiki, tsohon inda igiya ta fara cin buhun, da sabon inda take yanzu.

Duk mai harkar gwanjo ya san ma'anar wannan. An fasa dilar a hanya, an tsince na kirki an sayar ɗai-ɗai da tsada, an tattaro kwantan da ya ƙi fita a kasuwa an cusa a tsakiya, an lulluɓe sama da ƙasa da masu kyau, an sake matsewa. Ana yi, muna jin labari, amma ban zaci mutumin da ya ba ni kalmarsa da bakinsa zai turo min irinta ba.

Da safe na kira shi, na tura hotuna. Ya ce, "Hajiya, ai akwai 'yan Najeriya a Landan, su ma suna ba da kayansu sadaka." Na ce, "Alhaji, na yarda da shadda. Ledar fiya wata fa, ita ma daga Landan ta zo?" Ya yi shiru, sannan ya koma kan maganar da kowa ke fakewa da ita, wai dila ba a mayarwa, wai shi ma haka ya saro. Mai yiwuwa ne haka ya saro. Amma mutumin da ya shekara da shekaru yana juya dila zai kasa gane wadda aka sake ɗaurewa, alhali ni da ƙanwata mun gane da fitilar waya? Idan bai sani ba, me ya sa ya tabbatar min ba a taɓa ta ba? Tun a islamiyya aka karantar da mu labarin mai sayar da abinci da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, Annabi (SAW) ya sa hannu ya ji danshi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Na tuna masa da wannan, ba don in ci masa fuska ba, don abin da ya faru ke nan ƙiri-ƙiri.

Abin da ke ƙona min rai shi ne babu inda zan kai ƙara. Kayan nan mutane ne a Ingila suka kai shagunan sadaka irin su Oxfam, ko suka zuba a akwatunan tara tufafi na bakin titi, da niyyar wani ya amfana. Shagunan su sayar da abin da za su iya, ragowar a sayar wa kamfanoni bisa nauyi, su ware, su matse, su loda a kwantena. Gwanjo kuma yana cikin kayan da dokar kwastam ta Najeriya ta hana shigowa da su, shi ya sa yawanci sai ya sauka a Kwatano ko Lome sannan ya biyo ta ƙasa, hannu zuwa hannu. Kafin dila ta iso Kano Allah kaɗai ya san sito nawa ta kwana. Babu rasit, babu garanti, babu wanda zai ce shi ya ɗaure. Cinikin biri a sama ne daga farko har ƙarshe, abin da kawai mai saye ya dogara da shi shi ne amanar wanda ke gabansa.

Ko dilar da ba a taɓa ba ma yanzu ba kamar ta da ba ce, wannan ba laifinsa ba ne, gaskiya ce kawai. Tufafin da ake yi yanzu a can ana yin su ne don a sa 'yan kwanaki a yar, yawancinsu zaren roba. A kasuwar gwanjo ta Kantamanto da ke Akara ta ƙasar Gana, wadda gobara ta cinye a farkon Janairun 2025, ƙungiyar Or Foundation ta ce tufafi kusan miliyan 15 ke shiga duk mako, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa, har bakin teku. Turawa sun riga sun haɗo mana da shararsu a cikin sadakar. To in namu ɗan uwan zai sake ƙara tasa a kai, ina ƙaramin mai jari zai sa kansa?

Bayan mun yi ta kai ruwa rana, maigidan ma ya sa baki, sai mai dilar ya ce zai turo min wasu jaket in rage asara. Ya turo kuwa, a leda, ba tare da na sake tuna masa ba. A nan zuciyata ta ɗan yi sanyi, har na ce wa ƙanwata wataƙila da gaske shi ma cutarsa aka yi. Masu kyan da na ware kuma ba su kwana ba, mata suka yi rububinsu, wata ma ta ba da kuɗi tun kafin guga. Yarana sun yi hunturun nan cikin rufin asiri, ban saya musu ko safa ba.

Tulin gefen ma bai tafi a banza duka ba, kuma wannan ya ba ni mamaki ƙwarai. Telar maƙotanmu ta kwashi suwaitar da hannunsu ya lalace ta yanke jikin ta ɗinka hulunan sanyi na yara, ta canza wa jaket da dama zif suka dawo kamar ba su ba. Wata dattijuwa a layinmu, Iya muke ce mata, ta warware masu zaren ulu ta saƙa safa da hular jarirai, har ta aiko min da guda biyu. Masu auduga da suka yage wani bakanike ya saya don goge hannu, mai katifa ya ɗauki wasu na cushen filo. Waɗanda tabo ne kawai ya ɓata su na jiƙa da omo da ruwan zafi, na wanke, na ba almajiran da ke yi mana aike. Yagaggu kam ban ba su ba, abin da ba zan sa wa ɗana ba ba zan kira shi sadaka ba. Da na ga yadda mutanenmu suka raba tsummokaran nan kowa ya fitar da abin amfani, sai na ji ashe gyara da sake moriya a jininmu yake, tun kafin a fara yi mana lacca a kai.

Amma buhu guda ya rage wanda ba mai so ko kyauta, duk na roba ne. Ba ya tsotse ruwa balle a yi tsumma da shi. Na gwada ƙona guda ɗaya, ya narke ya dunƙule, hayaƙin ya sa ƙaramar 'yata tari. In na ba mai kwasar shara na san a kwata zai ƙare, damina ta zo ruwa ya shigo mana gida. Kuɗina na sa na sayi wannan buhun, da nauyinsa aka cika min kilo 55 ɗin.

Da na zauna na yi lissafi, uwar kuɗi ba ta dawo ba, balle riba. Na haƙura, na ce ƙaddara ce, har na yi niyyar in an tambaye ni in ce mutumin yana da kirki, a dai yi hattara. Jaket ɗin da ya turo na rage asara ma da na duba da kyau, ɗaya aljihunta a ɓarke, ɗaya hularta babu, ban ko ɗaga waya a kai ba.

Sai ga wata ƙawata ta kira ni tana cewa, "Maman yara, ashe ke ma a wurinsa kike saye? Na ji muryarki a sitatus ɗinsa, shi ya sa zan tura masa kuɗi gobe." Na buɗe na gani. Saƙon godiyar nan da na yi masa kafin mu kai tsakiyar dila, shi ya ɗora, da hoton jaket masu gashi, yana tallar sabon kaya da shi. Hotunan fumfuna da bajen makaranta da na tura masa washegari suna wayarsa, ya san yadda muka ƙare, amma ya zaɓi ya sayar da kaya da muryata. Wannan ya fi asarar kuɗin ci min rai, don yanzu amanata ce ake tallatawa, kuma mata irina masu kuɗin adashe ne za su ji su yarda.

Na hana ƙawar tawa tura kuɗin. Na ce in dila take so ta je da ƙafarta, ta juya ta ta duba shatin igiya, ta ce a fasa a gabanta, in ya ƙi ta kama hanya. Ni kuwa na koma tsugunona a Ƙofar Wambai, in ɗaga in duba in taya, ko da ɗai-ɗai ya fi tsada. Shi kuma na rubuta masa cewa ya sauke muryata, ban yafe a yi talla da ita ba. Ya ce, "To Hajiya, in sha Allah." Ya sauke a ranar, amma da sabon kaya ya iso makon jiya wata 'yar uwa ta turo min, ya sake ɗorawa.